Bayan kasuwar New Wave ta watse: nazarin yadda wani mawaƙin Landan ya faɗi ya sake tashi

Idan aka ce New Wave, abin da ke zuwa wa yawancin mutane a rai shi ne samarin Ingila da kwalli a ido, gashi an tayar da shi sama, suna danna fiyano a bidiyon tashar talabijin ta waƙoƙi MTV a farkon shekarun 1980, daga nan sai a ce ai yayi ne ya zo ya wuce. To yayin kam ya wuce, amma mutanen da suka yi shi ba su wuce tare da shi ba, suna da iyali, suna da bashi, suna da sauran shekaru 40 a gabansu kuma ba su iya wata sana'a ba sai kiɗa. Wannan rubutu zai bi ɗaya daga cikinsu tun daga ranar da matsalarsa ta fara har inda ta tsaya. Sunansa Gary Numan.

Kafin 1979: inda abin ya samo asali

New Wave daga cikin punk ya fito. A 1976 da 1977 punk ya ɓarke a Landan da New York, kiɗa ne mai hayaniya wanda ba ruwansa da ƙwarewa, saƙonsa kawai shi ne kowa ma zai iya ɗaukar jita ya hau dandamali. Gidajen rediyo musamman na Amurka suna gudun sunan punk saboda zage-zage da rigimar da aka san shi da su, sai kamfanonin faifai irin su Sire suka koma tallata mawaƙansu da sunan New Wave don a samu a riƙa saka su. Sunan ya haɗe mutane iri-iri da ba su yi kama da juna ba, su Blondie da Talking Heads da Devo a Amurka, su The Police da Elvis Costello a Ingila, sannan daga baya reshen da ya fi kowanne yin ƙarfi, wato masu kiɗa da sintesaiza, injin da ke ƙera sauti da lantarki. Fiyanon da ake bugawa a situdiyoyin Kano jikan wannan injin ne.

Mutumin namu an haife shi a Hammersmith da ke yammacin Landan a watan Maris 1958, mahaifinsa direban bas ne a filin jirgin sama na Heathrow. Ya kafa ƙungiyar punk, kawunsa ne ma ke buga musu ganga, kuma wani ƙaramin kamfani mai suna Beggars Banquet ya ɗauke su a 1978. A shekarar ne aka tura su wani situdiyo a Cambridge su naɗi albam na punk. Da ya shiga ɗakin sai ya tarar da wani inji ƙirar Minimoog a ajiye a gefe, wasu ne suka yi hayarsa ba a zo an ɗauka ba tukuna. Ya nemi izini ya danna maɓalli ɗaya, ƙarar da ta fito mai kauri ce har ɗakin ya ɗauki rawa, kuma kamar yadda ya sha ba da labari, nan take ya ji cewa jita goma ba za su ba shi wannan nauyin ba. Sai ya shiga juya waƙoƙin da ya rubuta da jita yana mayar da su kan injin. Kamfanin bai ji daɗi ba da farko don ba abin da suka aike shi ya yi ba kenan, amma dai suka fitar.

1979 zuwa Afrilu 1981: hawa da sauri

A tsakiyar 1979 waƙarsa ta hau lamba 1 a jadawalin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya ta yi sati 4 a can. Waƙar ta haura minti 5, ba ta da amshi, ba a iya rawa da ita sosai, kuma labarin mutum-mutumi take bayarwa, duk abin da masu harkar ke cewa ba ya sayuwa. Yana ɗan shekara 21. Ranar da zai fara fitowa a shirin waƙoƙi na talabijin Top of the Pops na BBC fuskarsa cike take da ƙuraje, sai aka lafta masa farar hoda, da aka ga idanunsa sun ɓace a cikin farin sai aka zagaye su da baƙi, shi kuma tsoro ya hana shi murmushi ko motsi, ya tsaya ƙiƙam yana kallon kyamara. Wannan tsayuwar da ta samo asali daga kunya da fargaba ita ce ta zama tambarinsa, mutane suka ɗauka shiri ne.

A watan Satumba na shekarar ya sake hawa lamba 1 da wata waƙa a kan zama cikin mota a kulle ƙofa, wadda ta kai lamba 9 a Amurka a 1980. Albam 3 a jere, biyu a 1979 ɗaya a 1980, duk sun hau lamba 1 a Birtaniya. Na tsakiyar, in ban da ta bes, ko jita ɗaya babu a cikinsa.

Matsalar ta fara ne tun yana sama. Jaridun kiɗa na Ingila sun tsane shi, suna cewa kwaikwayon David Bowie kawai yake, ba shi da murya, injin ne ke yi masa aiki. Shi kuma mutum ne da mu'amala da jama'a ke yi wa wuya, daga baya ya bayyana cewa yana ganin yana da lalurar Asperger. Yana kashe kuɗi masu yawa wajen ƙawata dandamali, fitilu da ginshiƙai har da wata 'yar mota mai lantarki da yake shiga yana yawo a kan dandamali yana rera waƙa, ta yadda zauren zai cika maƙil amma a tashi da asara. Da abin ya ishe shi sai ya sanar cewa ya daina wasa a gaban jama'a, ya yi wasan bankwana na dare 3 a babban zauren Wembley Arena da ke Landan a ƙarshen Afrilu 1981, yana ɗan shekara 23.

Wata 3 da 'yan kwanaki bayan nan, ranar 1 ga Agusta 1981, aka buɗe MTV a Amurka. Kasuwar da ya taimaka aka buɗe ta fara ci sosai daidai lokacin da ya tattara kayansa. Ƙungiyar The Human League ta Birtaniya, masu kiɗa da wannan injin, suka hau lamba 1 a Amurka a 1982, Duran Duran da Soft Cell da Eurythmics da Culture Club suka biyo baya, Depeche Mode suka fara tasowa.

1981 zuwa 1983: gwaji na farko, gudun sautin kansa

Abin da ya fara gwadawa shi ne ya nuna wa masu sukarsa cewa shi ma mawaƙi ne na gaske. Ya rage injin, ya kawo ƙwararrun makaɗa, mai jitar bes na ƙungiyar Japan wato Mick Karn, mai gangar Queen wato Roger Taylor, daga baya Pino Palladino, ya shigo da saksofon, kiɗan ya karkata zuwa jaz da funk. Kowane albam kuma da sabuwar shiga, yau kwat da malafa irin ta 'yan daban fina-finan da, gobe baƙar fata irin ta mayaƙan hamada.

Ga yadda lambobin suka tafi. Albam na 1981 ya tsaya a lamba 3. Na 1982 lamba 8. Na 1983 lamba 12. A tsakanin nan ya ɗauki ƙaramin jirgi zai zagaya duniya don yana tuƙin jirgin sama, jirgin ya samu matsala ya sauka dole a Indiya a 1981, hukuma ta tsare shi na 'yan kwanaki bisa zargin leƙen asiri, jaridun gida suka samu abin dariya na wata da watanni, kuma ko da ya sake fita ya kammala zagayen ba su ba shi rabin shafin da suka ba faɗuwar ba. Maganar daina wasa ma ba ta daɗe ba, a 1982 ya koma dandamali a Amurka, a 1983 a Birtaniya, sai dai a ƙananan zauruka. Bayan albam na 1983 ya rabu da Beggars Banquet.

1984 zuwa 1987: gwaji na biyu, kamfanin kansa

A 1984 ya buɗe kamfanin faifai nasa, mahaifinsa ne manaja, mahaifiyarsa na kula da ƙungiyar masoya. Tunanin shi ne babu mai sake gaya masa abin da zai yi kuma ribar duk tasa ce. Abin da ƙaramin kamfani ba shi da shi shi ne kuɗin talla da mutanen da ke zarya gidajen rediyo suna tura waƙa, kuma a Birtaniyar wancan lokaci idan Radio 1 na BBC ba ta saka waƙarka ba to ka sha wuya. Ba ta saka nasa. Abin da ke faruwa shi ne masoyansa na gani-kashe-ni za su ruga su saya a satin farko, waƙar ta leƙa jadawali, sati na biyu ta ɓace don babu wani sabon kunne da ya ji ta.

Albam na farko a kamfanin nasa, wanda ya fito a bangonsa da farar fuska da shuɗin gashi da shuɗin leɓe, ya tsaya a lamba 45. Na 1985 ya ɗan ɗaga zuwa 24. Na 1986 ya faɗo 59. Kiɗan ya ƙara cika da 'yan amshi mata masu manyan muryoyi da saksofon, muryarsa tana ƙara komawa baya. Ya kuma ɗauki wasu mawaƙa a kamfanin, ba wanda ya yi kasuwa a cikinsu, kuɗin na fita ba ya dawowa.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, duk harkar ce ke sauyawa. Injin Yamaha DX7 da ya fito a 1983 da tsarin MIDI da ke haɗa injuna su yi magana da juna sun sa sautin lantarki ya zama na kowa, mai waƙar soyayya da mai tallar sabulu duk suna amfani da shi, don haka danna fiyano ya daina zama abin mamaki. Bayan wasan Live Aid na Yuli 1985 manyan mawaƙan rock masu cika filin ƙwallo suka dawo da ƙarfinsu. Furodusoshin nan uku Stock, Aitken da Waterman suka mamaye jadawalin Birtaniya da waƙoƙin rawa masu sauƙi, kiɗan rawa na lantarki wato house na Chicago da techno na Detroit suka fara shigowa kulob-kulob. Abin lura a nan shi ne samarin baƙar fata na Detroit da suka ƙirƙiro techno, irin su Juan Atkins, sun tashi ne suna jin Kraftwerk, ƙungiyar Jamus mai kiɗan lantarki, da irin faifan wannan mutumi na 1979 a rediyon garinsu, wato a lokacin da yake gudun tsohon sautinsa wasu na can suna gini a kansa. A 1987 aka sake haɗa waƙar motar nan aka fitar, ta shiga 20 na farko, abin da sababbin waƙoƙinsa suka kasa yi. A wannan shekarar kamfanin nasa ya tsaya.

1988 zuwa 1992: gwaji na uku, bin kasuwa har ƙasa

Ya koma ƙarƙashin wani kamfani, I.R.S., wanda ya yi suna da ƙungiyar R.E.M. Albam na 1988 ya tsaya a 48, kuma da za a fitar da shi a Amurka kamfanin ya canza masa suna ya sake haɗa wasu waƙoƙin ba da son ransa ba. Na 1991 ya tsaya a 39. A wannan zangon kunnensa na kan abin da ke ci a Amurka, kiɗan Prince da na Janet Jackson, yana ƙoƙarin yin irinsa, har waƙoƙin Prince ya sake rerawa. Idan ka saurari faifan wannan lokaci za ka ji kiɗa mai tsafta, ganga na dukan ƙirji, mata na amshi da ƙarfi, sai can a ƙasa wata siririyar murya kamar baƙo a gidansa.

A shekarar 1988 ɗin dai Depeche Mode, waɗanda suka fito bayansa, suka tara sama da mutum dubu 60 a filin wasa na Rose Bowl da ke Pasadena a Amurka, ba tare da sun bar injin ba, sai ma ƙara masa duhu da nauyi da suka yi. A ƙarshen 1991 kuma Nirvana suka fito daga yankin Seattle da jita da tsofaffin riguna, a watan Janairu 1992 albam ɗinsu ya ture na Michael Jackson daga lamba 1 a Amurka, duk wani abu mai ƙamshin shekarun 1980, kwalli da fiyano da gyaran gashi, ya zama abin kunya.

A 1992 ya farfaɗo da kamfaninsa ya fitar da albam da ya tsaya a lamba 42. Shi da bakinsa ya ce wannan ne mafi muni a duk abin da ya yi, kuma ya yi shi ne don neman abin biyan bashi ba don yana da abin faɗa ba. Bashin ya kai dubban ɗaruruwan fam, gidan da yake ciki na neman suɓucewa, tikitin wasa ba ya sayuwa, ba kamfanin da ke nemansa. Shekararsa 34. Abin da ya rage masa da yake alfahari da shi a lokacin shi ne tuƙin jirgi, yana wasan juyi a sama da wani tsohon jirgin horar da sojoji ƙirar Harvard a bukukuwan nuna jirage.

1993 zuwa 1994: inda aka juya

Abu biyu suka haɗu. Na farko wata budurwa ce daga cikin ƙungiyar masoyansa, wadda ta san faifansa tun tana yarinya, suka fara soyayya a wannan lokaci, daga baya suka yi aure a 1997. Ita ce ta zaunar da shi ta gaya masa abin da ba wanda ya gaya masa a gida. Yana ganin muryarsa ba ta da kyau shi ya sa yake ɓoye ta a bayan 'yan amshi, yana ganin bai iya jita da fiyano ba shi ya sa yake hayar waɗanda suka fi shi, to amma mutanen da suka saye shi a 1979 wannan muryar da wannan hannun suka saya, kuma shekara 10 kenan yana cire kansa daga faifansa kaɗan-kaɗan yana mamakin me ya sa suke tafiya. Ya ce sun daɗe suna musu a kan wannan kafin ya yarda.

Na biyu shi ne albam ɗin da Depeche Mode suka fitar a 1993, mai duhu da nauyi da maganar imani da zunubi, wanda ya ce da ya ji shi ya tuna masa irin kiɗan da shi kansa yake so.

Abin da ya yi a aikace ba shi da yawa. Ya cire rai da rediyo gaba ɗaya, ya ɗauka cewa sana'ar ta ƙare, zai koma yin kiɗa don jin daɗin kansa kamar lokacin da yake yaro. Ya shiga ɗan situdiyon gidansa, ya sallami saksofon da tarin makaɗan haya, ya buga kusan komai da hannunsa, ya dawo da muryarsa gaba, ya ƙara jita mai kauri a kan injin, waƙoƙin suka koma maganar tsoro da mutuwa da rigimarsa da addini. Albam ɗin ya fito a 1994. Bai yi wani abin a zo a gani a jadawali ba, amma kuɗin da aka kashe kaɗan ne, kuma tsofaffin masoya da suka yi shiru suka fara dawowa.

1995 zuwa 2003: yaran da suka tashi da faifansa sun girma

Nan ne abin ya zo daga inda bai nema ba. Yaran Amurka da suka ji shi suna 'yan makaranta a 1980 yanzu su ne manyan rock. Marilyn Manson ya sake rera wata tsohuwar waƙarsa a 1995, Foo Fighters suka rera ita dai wannan waƙar a 1996, Fear Factory suka yi waƙar motar tare da shi a 1999, Nine Inch Nails na Trent Reznor suka yi wata a 2000, kuma Reznor bai ɓoye cewa daga wajensa ya koyi abubuwa da yawa ba. A 1997 tsohon kamfaninsa Beggars Banquet ya fitar da faifai biyu na mawaƙa daban-daban suna rera waƙoƙinsa, har da Damon Albarn na Blur a ciki. Wato a lokacin da ya koma kiɗa mai nauyi, sai ya tarar akwai wani fage da ake kira industrial da ya riga ya tsiro daga irin abin da ya shuka, da masu sauraronsa matasa.

Ta ɓangaren masu rawa ma haka. A 1996 wani kamfanin giya ya yi talla da waƙar motar ta sake shiga 20 na farko. Armand Van Helden a 2000 da Basement Jaxx a 2001 suka tsakuro sautinsa suka gina sababbin waƙoƙi, sannan a 2002 'yan matan Sugababes suka hau lamba 1 a Birtaniya da waƙar da aka ɗora kacokan a kan kiɗan waƙarsa ta farko da ta hau lamba 1 a 1979.

Nasa sababbin albam na 1997 da 2000 ba su shiga 40 na farko ba, amma jaridun da suka shekara 20 suna yi masa dariya suka fara yabo. Na 2000 akwai waƙa a cikinsa da ya rubuta bayan matarsa ta yi ɓari, kuma duk wanda ya ji ta ya san ba don kasuwa aka yi ta ba. A 2003 wata waƙar haɗin gwiwa ta kai shi lamba 13. Shekara guda bayan nan su Franz Ferdinand da The Killers suka fito da sautin da kowa ya ji ya san na farkon shekarun 1980 ne, New Wave ya daina zama abin kunya.

2006 zuwa 2013: tsaiko

Daga 2006 ya samu furodusa ɗaya, Ade Fenton, wanda suka ci gaba da aiki tare. Ya daɗe yana ƙin waiwayen baya, yana ganin wasa da tsofaffin waƙoƙi kaɗai alamar mutum ya ƙare ne, amma ya sassauta, a 2006 da 2008 da 2009 ya yi rangadi yana buga albam ɗinsa 3 na farko da suka hau lamba 1, kowanne daga farko har ƙarshe, sannan ya koma kan sabon aiki. A 2009 Nine Inch Nails suka gayyato shi dandamalinsu a O2 Arena na Landan, dubban matasa da ba a haife su ba lokacin da yake lamba 1 suka tarbe shi da ihu.

Sai kuma ciwon damuwa ya kama shi wajen lokacin da ya cika shekara 50, ya shiga shan magani, ya yi shekaru bai iya kammala sabon albam ba. A 2012 ya kwashe matarsa da 'ya'yansa mata 3 suka koma Los Angeles. Albam ɗin da ya fito a 2013, wanda kusan duk labarin wannan ciwon ne, ya shiga lamba 20, karo na farko da albam ɗinsa ya shiga 20 na farko tun 1983.

2015 zuwa 2022: sakamako

Albam na gaba masoya ne suka biya kuɗinsa tun kafin a yi shi, ta wani shafin intanet mai suna PledgeMusic, suna biya suna kallon yadda ake haɗa waƙoƙin daga farko. Jigonsa duniya ce da ɗumamar yanayi ya mayar da ita hamada, kuma 'yarsa mai shekara 11 ta yi amshi a babbar waƙar ciki. Ya fito a Satumba 2017 ya hau lamba 2, waɗanda suka tare masa lamba 1 su ne Foo Fighters. A shekarar aka ba shi lambar yabo ta Ivor Novello da ake ba marubuta waƙa a Birtaniya. Albam na 2021 ma lamba 2 ya hau. Ranar 7 ga Mayu 2022 ya koma Wembley Arena a matsayin mai wasan, shekara 41 bayan bankwanan da ya yi a wurin, yana da shekara 64.

Me ya ƙi, me ya yi, kuma don me

A ganina kuskuren da ya fi yi masa illa ba daina wasan 1981 ba ne, ko da yake shi ne ya ba wasu fili. Babbar ɓarnar ita ce ya yarda da masu sukarsa. Sun ce ba shi da murya, bai iya kiɗa ba, sai ya shekara 10 yana gyara abin da ba shi ne ya lalace ba. Gwaji ukun nan, ƙwararrun makaɗa da kamfanin kansa da bin salon Amurka, duk amsa ɗaya suke bayarwa ga tambaya ɗaya, wato yaya zan koma rediyo, alhali rediyon ta riga ta wuce wurin kuma ba abin da zai yi ta waiwayo. Funk ɗin da yake yi a 1991 akwai masu yin sa da suka fi shi nesa ba kusa ba, amma sanyin nan da kaɗaicin da ke cikin faifansa na 1979 babu mai yin sa kamar shi.

Abin da ya yi aiki a 1994 ya yi ne saboda dalilai da ake iya lissafawa. Kuɗin naɗi ya sauko tunda a gida yake yi shi kaɗai, don haka ba ya buƙatar sayar da dubu ɗaruruwa kafin ya mayar da uwar kuɗi. Yana da masoya 'yan kaɗan da ba su taɓa sakinsa ba ko a shekarun da shi kansa ba ya son abin da yake fitarwa, waɗannan su suka riƙe shi har zamanin intanet ya zo aka samu hanyar da za su biya shi kai tsaye. Kuma shi ya rubuta tsofaffin waƙoƙinsa, don haka duk wanda ya tsakura ko ya yi talla da su yana da kasonsa a ciki.

Amma fa kar a ɗauka gaskiya da kai kaɗai ce ta fitar da shi, akwai sa'ar lokaci. Da ya yi albam mai duhun nan a 1986, babu Nine Inch Nails, babu matasan da za su karɓe shi, da wataƙila ya nutse shiru. Sai da yaran 1980 suka girma suka samu nasu dandamali sannan aka samu masu faɗa da ƙarfi cewa wannan mutumin malaminmu ne. Haka New Wave ya rayu bayan kasuwarsa, ya rarrabu ya shiga techno, ya shiga industrial, ya shiga waƙoƙin rawa na 'yan mata, kowane reshe ya ɗauki abin da yake so ya bar sunan a baya.

Lamba 2 ta 2017 kuma ba daidai take da lamba 2 ta 1980 ba, yanzu faifai kaɗan ake sayarwa a hau can, kuma mawaƙin da ke da masoya masu saye a satin farko yana da rinjaye. Sabuwar waƙarsa ba ta sake hawa lamba 1 ba, mutumin titi a Landan har yau waƙoƙi biyu na 1979 ya sani. Abin da ya samu shi ne sana'a mai ɗorewa, yana cika zaure da sababbin waƙoƙi, ba a jera shi cikin rangadin tuna baya da ake tara mawaƙan shekarun 1980 kowa ya rera guda uku ya sauka ba. Wasu da suka bi irin hanyarsa ba su samu haka ba. Talk Talk sun bar kiɗan fiyano na rawa suka yi albam mai zurfi a 1988, suka shiga shari'a da kamfaninsu EMI, suka yi wani a 1991 a wani kamfanin suka watse, jagoransu Mark Hollis ya fitar da albam ɗaya nasa a 1998 ya janye daga harkar har ya rasu a 2019, duk da cewa mawaƙan da suka zo baya suna ɗaukar waɗannan faifan biyu a matsayin tushen wani sabon salo gaba ɗaya.